Dawnguard: cinikin kurwa da ikon tayar da matattu a wasan Skyrim

Kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wasan bidiyo na Skyrim a watan Nuwamba na 2011, sannan a 2012 ya ƙara masa wani sashe mai suna Dawnguard, wanda yanzu yake haɗe cikin bugun Special Edition na 2016. Tallar sashen ta fi karkata ga rikicin da ke tsakanin masu shan jini na fadar Volkihar, ƙarƙashin ubangidansu Harkon, da mafarautan da Isran yake jagoranta. A ganina, abin da ya fi cancantar kuɗin mai saye shi ne wani kango da ake kira Soul Cairn, inda ake cinikin kurwa domin samun iko a kan matattu.

A asalin wasan, matsafin da ya zaɓi tayar da gawa yana shan wahala. Sai ya kashe abokin gaba tukuna kafin ya samu abin tayarwa, kuma gawar takan yi masa yaƙi na minti ɗaya kacal ta rikiɗe ta zama toka, in ban da sihirin Dead Thrall wanda sai gwani yake kaiwa gare shi. Dawnguard ya sauƙaƙa wannan da sihiri uku da ake tsinta a Soul Cairn, waɗanda suke kiran Boneman da Mistman da Wrathman ba tare da buƙatar gawa ba. Na farkon ƙwarangwal ne mai harbi da baka, na biyun yana jifa da sanyi, na ukun kuwa ƙato ne mai sulke da ke shiga gaba.

Masu mulkin wannan kango wasu ruhohi ne da ake kira Ideal Masters, kuma labarin Durnehviir shi ne ya fi nuna halinsu. Shi dodo ne mai fukafukai da ya nemi su ba shi rundunar matattu don ya fi 'yan'uwansa ƙarfi, sai suka gindaya masa sharaɗin ya tsare wata mata, Valerica, har ranar mutuwarta. Ba su gaya masa cewa mai shan jini ce da ba ta mutuwa ba. Ya daɗe a wurin har jikinsa ya soma ruɓewa, ƙudaje na bin sa, kuma ko an buɗe masa ƙofa ba zai iya komawa duniya ya zauna ba. Idan ka kayar da shi a filin Boneyard, yakan dawo ya roƙe ka ka riƙa kiran sunansa a sararin Tamriel, nahiyar da ƙasar Skyrim take, domin ya ɗan shaƙi iska, shi kuma ya koya maka tsawar Soul Tear, wato sihirin da ake yi da murya, kalma ɗaya a kowane kira har sau uku. Cikakkiyar tsawar tana raunata abokin gaba, ta kama kurwarsa idan ya faɗi, sannan ta tayar da gawarsa ta yi maka yaƙi. Babu wata kyauta a sashen da ta kai wannan daɗin amfani.

Inda na ga gazawa shi ne ruhohin da kansu. An zuzuta makircinsu, amma mai wasa ba ya ganawa da su, ba ya kuma ƙulla wata yarjejeniya da za ta ci masa wani abu. Iyakar abin da yake gani manyan duwatsu ne masu ƙyalli a saman gine-gine, suna zuƙe lafiyarsa idan ya matso. Durnehviir ya biya da 'yancinsa, kai kuwa ka kwashi iko kusan a ɓagas, domin ko ɓangaren kurwar da Serana, 'yar Harkon da ke raka mai wasa, take cire wa wanda ya ƙi zama mai shan jini domin ya iya shiga kangon, ana iya dawo da shi daga baya.

Wurin ma yana gajiyarwa. Ko'ina launin shuɗi da toka ne, taswira ba ta taimakawa sosai, kuma neman shafuka 10 na rubutun Jiub, wani mamaci da kurwarsa ke wurin, aiki ne na mai haƙuri. Shawarata ita ce a fara nemo ƙoƙon kan wani mataccen doki mai suna Arvak, saboda da zarar an iya kiransa tafiyar takan ragu ƙwarai. Wanda ya gina jaruminsa a kan takobi zalla zai iya wuce kangon da sauri, amma mai sha'awar sihirin kira ya kamata ya shiga tun yana ƙaramin mataki, lokacin da Boneman yake da amfani a fagen fama.