Boganbiliyar da na saya a bakin titi

Tun da muka tare a gidan nan nake son in ga fulawa ta lulluɓe katangar tsakar gida, irin yadda ake gani a tsofaffin gidajen unguwar Nasarawa a nan Kano, rassa sun zubo har waje. A watan Yunin bara, da ruwa ya zauna, na tsaya wurin masu sayar da fulawa na bakin titi na ɗauki boganbiliya ɗaya a baƙar leda. Mai wurin ya ce min, "Hajiya, wannan 'yar aure ce, kala uku za ta ba ki, fari da ruwan goro da shunayya." Kusan ninki uku na kuɗin ta gama-gari na biya, ban ko yi ciniki sosai ba.

Na kula da ita iya kulawa. Ruwa safe da yamma, ga kashin kaji, ga takin zamani. Na sa aka buga ƙusoshi aka ja waya a jikin katanga don ta samu abin bi. Wata biyar tana ta yaɗo, ganye kore shar, rassa har sun haura katanga, amma fure ko ƙwaya ɗaya babu. Na koma wurin mutumin, ya ce, "Ki ƙara mata taki, Hajiya, yunwa take ji." Na ƙara. Ganye ya ƙaru.

A tsakiyar Disamba mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a Katsina, na tafi jinya, sai da na yi sati 6. Famfonmu ya daɗe da ƙafewa, jarka ake saya wurin 'yan ga-ruwa, to wa zai ɗebi ruwan kuɗi ya zuba wa fulawa? Ni dai na riga na cire rai da ita.

Ranar da na dawo, da la'asar sakaliya, gari ya yi hazo fari fat, ina tura ƙofa sai na tsaya cak da jaka a hannu. Katangar nan tun daga kusurwar kicin har bakin zaure ta rine ta koma shunayya, da ƙyar ake hango ganyen. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, bayan makonnin nan na zaman asibiti. Na tsinko ɗaya na ɗora a tafin hannu. Ashe abin da muke kira furen wasu siraran ganye ne guda 3, shara-shara kamar takarda, har jijiyoyinsu ana gani, ainihin furen kuwa yana tsakiya, 'yan farare, ko kan ashana ya kusa fin su girma.

Ƙanena da ya karanci aikin gona ne ya warware min. Ya ce asalin shukar daga Kudancin Amurka take, sunan ma na wani matuƙin jirgin ruwa ne Bafaranshe, Bougainville, wanda ya yada zango a Brazil a 1767. Rana take so da ƙishirwa. In aka cika mata ruwa da taki mai sa ganye, ganyen za ta yi ta yi. Sai ƙasar ta bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa sannan take fure. Wato ruwa da takin da nake ta zuba mata, har mai sayarwar ya ce in ƙara takin, su ne suka hana ta fure duk watannin nan. Mutum yana cin abinci da sana'a amma bai san wannan ba?

Kuma da murna ta lafa sai na tuna: ina farin, ina ruwan goron? Na tona gindin a hankali, don saiwarta ba ta son taɓi. Babu alamar aure ko kaɗan. Rassa uku aka cusa a leda ɗaya, biyu sun daɗe da mutuwa, sai busassun tsinke. Wannan ya ci min rai ƙwarai, don da ya faɗa min gaskiya da na sayi ledoji uku daban.

Bai kuma yi min maganar ƙaya ba. Ranar da aka rage rassan, autana ya taka guda, ƙayar ta huda silifa ta shige masa dunduniya, kwana biyu yana ɗingishi. Mai ƙananan yara kada ta dasa ta inda suke wasa, kuma a kwashe rassan nan take. Ga shara kullum, busasshen fure na toshe magudanar ruwa.

Shukar ina son ta, ba zan cire ta ba. Wurin mutumin nan ne ba zan sake takawa ba, kuma ba na ƙara sayen wadda ban ga furenta a jikinta ba. Maƙwabciyata tana da fara, ta yanko min rassa uku masu ƙwari, tsawon taƙi guda-guda, na kafa su a leda da yashi a inuwar darbejiya. Ɗaya ya fara toho shekaranjiya.