Nutso da manyan halittun teku: wanne za ka saya, kuma yaushe jirginka zai tashi?

Mai sayar da tikitin shiga teku a Hurghada ta Masar ko Zanzibar zai nuna maka hoton mutum ɗan mitsitsi yana iyo a gefen kifi mai tsawon motar bas, ya faɗi kuɗi, ya ce ƙarfe bakwai na safe mota za ta zo otal. Abin da ba kowanne ke tambaya ba shi ne ranar da za ka hau jirgin komawa gida, alhali a kan wannan tambayar ya kamata cinikin ya tsaya. A ƙarƙashin hoton nan guda akwai haja uku daban-daban, kuma kowace da irin abin da take bari a jikin mutum.

Ta farko ita ce iyo a saman ruwa da gilashin fuska da ɗan bututun numfashi, babu tulun iska a baya. Mutane na raina ta, suna ganin ta yara ce. To amma kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wel-shak mai ɗigo-ɗigon fari a baya, a saman ruwa ya fi cin abincinsa, domin ƙananan halittun da yake tacewa da bakinsa nan suke taruwa. A tsibirin Mafia na Tanzaniya ana samunsa daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu, a gaɓar Tadjoura ta Jibuti daga Nuwamba zuwa Janairu, a kudancin Ari na Maldibs kuwa kusan duk shekara. A duk waɗannan wurare yawanci daga kwale-kwale ake zamewa cikin ruwa a bi shi da iyo. Haka ma Hanifaru a Maldibs, inda manta, faffaɗan kifin nan mai fukafukai, ke taruwa da yawa daga tsakiyar shekara zuwa Nuwamba: can an ma haramta shiga da tulu gaba ɗaya. Ke nan wanda ya kashe kuɗin koyon nutso don ya ga waɗannan biyun, ya sayi abin da ba ya buƙata.

Wahalar wannan haja ba ta wuce ta kwale-kwale ba: jiri, tashin zuciya, ƙunar rana a wuya, da ruwan gishirin da za ka haɗiya ko ba ka so. Ka sha maganin jiri tun kafin a tashi, ka sa rigar da ke hana nutsewa ko da ka iya ruwa, domin iyon kogi daban, igiyar teku daban. Ka kuma lura da yawan kwale-kwalen da ke kewaye kifi ɗaya, don farfelar inji ta fi kifin haɗari nesa ba kusa ba. Amma idan ka huta ka sha ruwa, kana iya hawa jirgin sama a daren nan. Akwai Oslob a Filifin, inda ake zuba wa kifin abinci kullum don ya tsaya a yi hoto. Ganinsa tabbas ne, sai dai ni ban ga bambancinsa da gidan zu ba, kuma masana sun daɗe suna ƙorafi a kai.

Haja ta biyu nutson gwaji ne na yini ɗaya, ga wanda bai taɓa yi ba. Ana koya maka 'yan abubuwa a ruwa marar zurfi, sannan malami ya sauka da kai, ba a wuce mita 12. Inda ya fi dacewa da wannan a ganina shi ne Abu Dabbab kusa da Marsa Alam a Masar. Daga tudu ake shiga da ƙafa, ƙasan ciyawar teku ce, manyan kunkuru na kiwo a kai, kuma idan da rabo a haɗu da dugon, ɗan'uwan ayun da sarkawanmu suka sani a kogin Binuwai da Neja. Duk wanda ya ce maka lalle za ka ga dugon, ciniki yake yi. Abin dubawa a nan shi ne mutum nawa malami ɗaya zai riƙe, da ko sun ba ka takardar tambayoyin lafiya ka cike da kanka. Inda aka ce ka sa hannu kawai, a bar wurin. Ciwon da ya fi kama sabon shiga na kunne ne: matsin ruwa yana ninkawa biyu a mita 10 na farko, kuma wanda ya sauka da mura ko bai iya daidaita kunnensa ba zai fito da kunne a toshe, wani lokaci har dodon kunnen ya fashe.

Ta uku ita ce mai tsada, kuma ita ce mai jan hankali. Ka yi kwas na kwana uku zuwa huɗu a hannun malamin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso su ba da katin shaida, ka nuna kana iya iyon mita 200 da tsayuwa a kan ruwa minti 10, ka karɓi katin da ya ba ka mita 18. Kati na gaba ya kai ka mita 30. Daga nan ƙofar manyan wurare ke buɗewa: manta a duwatsun ƙarƙashin ruwa na Tofo a Mozambik, waɗanda da yawansu sun wuce mita 20, shak, kifin nan mai kaifin haƙora, irin mai farin bakin fiffike a Elphinstone ta Masar a ƙarshen shekara, garken shak mai kan guduma a Daedalus, can tsakiyar Bahar Maliya. Irin wannan garken ne ya yi wa Sanganeb da Sha'ab Rumi na gefen Port Sudan suna, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa zancen yawon buɗe ido a can ya kwanta. Wurare irin su Daedalus sai da jirgin ruwan da ake kwana a ciki mako guda, ana nutso sau uku ko huɗu a yini, kuma masu jiragen kirki kan nemi shaidar nutso da yawa a baya, galibi kamar 50, kafin su karɓe ka. Wanda ya yarda ya ɗauke ka da kati mai sati ɗaya, ba gata ya yi maka ba. Shi kansa jirgin abin bincike ne: a Nuwamban 2024 wani irinsa ya kife a kusa da Marsa Alam, aka yi asarar rayuka.

A wannan haja ta uku ne rashin lafiyar bayan nutso ke zama babbar magana. Iskar cikin tulu ba zallar oksijin ba ce, iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin. A mita 30 matsi ya ninka na tudu sau huɗu, sai naitirojin ɗin ya riƙa narkewa yana shiga jini da tsoka. In an hau a hankali, huhu ya fitar da shi. In an yi gaggawa ko an daɗe fiye da ƙima, sai ya tashi kumfa a cikin jiki. Jadawalin da ake koyarwa yana ba mutum fiye da sa'a biyu a mita 12, minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Babbar dabba kuwa ba ruwanta da jadawali. Tana sauka ka bi ta, tana hawa ka bi ta, ido na kan kyamara, ba ka duba agogon nutson da ke hannunka ba, ga shi a tsakiyar teku babu ƙasa babu bango da za ka auna zurfi da shi. Yawancin kuskuren daga nan yake farawa, ba daga haƙoran kifi ba.

Abin da ke ruɗa mutum shi ne alamun ba sa zuwa da ƙararrawa. Gajiya ce da ta wuce aikin da aka yi, ko ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu wanda motsi ba ya ƙara shi ba ya rage shi, ko ƙaiƙayi da shatin ja-ja-shuɗi a ciki da ƙirji, ko mutuwar yatsu, jiri, rawar ƙafa, kasa fitsari. Yawanci suna bayyana cikin sa'o'i shida na farko, kusan duka kafin a cika yini guda. Mu kuwa mun saba, duk kasalar da ta zo sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar tafiya, a haɗiyi farasitamol a kwanta. A Tanzaniya da Mozambik zazzaɓin na nan da gaske, don haka gwajinsa ba laifi ba ne, amma ciwon kumfa ba ya zuwa da zafin jiki, kuma sauro ba ya cizo yau a kwanta yau. Duk abin da ya taso cikin sa'o'i 24 bayan nutso, a ɗauke shi na nutso ne har likita ya ce ba shi ba ne. Wanda ya suma, ko gefen jikinsa ya saki, cikin mintuna da fitowa, wannan iska ce ta shiga jijiyar jini daga huhu, ba a jira komai. Idan kuma mutum uku huɗu da aka cika wa tulu a inji ɗaya suka fito da ciwon kai da amai, a zargi hayaƙin injin ya gauraya da iskar.

Taimakon farko ɗaya ne: a kwantar da shi, a ba shi zallar oksijin, ya sha ruwa in yana cikin hayyacinsa, kada a mayar da shi teku wai don kumfar ta narke. Maganin gaske shi ne ɗakin matsi, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake rufe majinyaci a ciki, a ƙara matsi daidai da na mita 18 yana shaƙar oksijin, zama ɗaya ya kusa sa'a biyar. Saboda haka tambaya biyu nake yi kafin farashi: ku nuna mini tulun oksijin da ke cikin kwale-kwalen, kuma ɗakin matsi mafi kusa sa'a nawa ne daga nan? A wannan ma'auni Masar ce a gaba, don akwai su a Sharm el-Sheikh, Dahab, Hurghada da yankin Marsa Alam. Maldibs na da su a wasu tsibirai kamar Bandos, sai dai tsibiran a warwatse suke. Tofo kuwa, da duk kyawunta, wanda abin ya kama sai an kwashe shi zuwa Afirka ta Kudu. Ban ce kada a je ba, amma ba wurin koyo ba ne. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ta cire nutso ko ta taƙaita zurfi, don haka a karanta ƙananan rubutun, ko a sayi ta masu nutso irin ta ƙungiyar DAN. Kuɗin kwasa da jinya na iya kaiwa dubban daloli.

Sai maganar jirgi. Matsin cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, kamar mutum yana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ne, kuma wannan ragin ya isa ya tayar da kumfar da ta lafa. Shawarar DAN ita ce aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, malamai da yawa kuma sukan ce a cika 24. Wannan ya shafi har ɗan gwajin yini ɗaya, wanda masu otal ke son tura wa baƙo a ranar ƙarshe. Kuma ba jirgi kaɗai ba ne. Wanda ya yi nutso a Dahab da rana ya bi masu hawan Dutsen Sina'i da dare, ya hau sama da mita 2,200. Wanda ya gama Umra ya ɗan shiga teku a Jidda, sannan aka ce a hau Ɗa'ifa shan iska, ya hau kusan mita 1,900 a mota. Ƙananan jiragen da ke tashi daga Mafia zuwa Darussalam ma jirage ne. Rashin ruwa a jiki na ƙara haɗarin, shi ya sa nutso da azumi a baki ba dabara ba ce.

Akwai abu ɗaya da takardun talla ba za su tuna maka ba, amma ya shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke kan kwale-kwalen: sikila. Mai SS ba ya nutso da tulu, sanyi da ƙarancin ruwa da wahalar jiki sun isa su tayar masa da ciwo a inda babu asibiti. Mai AS, da mai asma, hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ya ga likita tun a gida ya taho da takarda. Mai farfaɗiya da mai juna biyu ba sa shiga.

Da wani zai ba ni mako guda da kuɗinsa ya ce in tsara masa, ga shi bai taɓa sa tulu ba, Marsa Alam zan kai shi: kwana huɗu na kwas, kwana ɗaya a Abu Dabbab wajen kunkuru, sauran biyun a tudu ko a saman ruwa da bututu, sannan filin jirgi. In kuwa ya ce shi ƙaton mai ɗigo-ɗigon nan kawai yake so, tikitin Mafia zan yanka masa a Disamba, kuɗin kwas ɗin ya ƙara kwana da su, don akwai safiyar da za a zaga har azahar kifin bai fito ba.