F-14A Tomcat na Tamiya mai sikelin 1/48: yadda na same shi bayan na gama harhaɗawa

Duk wanda yake sha'awar harhaɗa ƙananan samfuran jiragen yaƙi kuma ya gaji da cike ɓaraka da foti da gurzar roba har yatsu su yi kanta, to wannan Tomcat ɗin na kamfanin Tamiya na Japan shi zan fara nuna masa. A 2016 ya fito, kuma har yau in ana hirar F-14 a wannan sikelin sai an ambace shi, ni ma da na gama nawa na gane dalili. Amma fa kada mutum ya ɗauka wai don sassan suna shiga juna salin alin shi ke nan aiki ya ƙare, a'a, wahalar ce kawai ta tashi daga wajen gam ta koma wajen fenti.

Jirgin na gaske kamfanin Grumman ne ya ƙera wa sojojin ruwan Amurka, ya fara tashi a watan Disamba na 1970, ya shiga aiki a kan manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi a 1974, sojojin ruwan suka yi masa ritaya a 2006. Tsawonsa ya ɗan haura mita 19, don haka in ka raba da 48 za ka samu abin da ya kai wajen santimita 40, in ka buɗe fukafukan ma faɗin ya kai haka. Ku tanadi wurin ajiya tun kafin ku yanke sashe na farko, ba ƙaramin abu ba ne, ya fi yawancin 'yan uwansa na wannan sikelin cin wuri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi da fukafukan. Shi Tomcat ai fiffikensa motsi yake, daga digiri 20 in yana tafiya a hankali ko zai sauka, zuwa digiri 68 in ya saki gudu, sannan in an faka shi a kan jirgin ruwa sai a ƙara maida su baya har digiri 75 saboda ƙarancin wuri. To a cikin samfurin akwai wasu hannuwa biyu masu haƙora da suke shiga juna a tsakiyar gangar jikin, ana ɗaure su da sukuru, in ka tura ɗaya sai ɗayan ya bi shi daidai wa daida. Su fukafukan kansu zura su ake yi a kan hannuwan nan daga ƙarshe, ma'ana za ka iya fente su daban, ka manna musu sitika daban, ka ajiye su gefe har sai komai ya bushe. Wanda ya taɓa fama da fesa fenti a lungun da fiffike yake shigewa cikin jiki shi kaɗai zai san girman wannan rahamar. Har 'yan jakunkunan nan da suke toshe gurbin da fiffike yake bari a baya sun bayar kala biyu, na buɗe da na rufe, kana iya musanyawa. Shawara ɗaya dai, kada a ɗaure sukurun tamau, a bar shi yadda hannun zai motsa da ɗan nauyi amma ba ya lilo, kuma gam kada ya kusanci wajen ko kaɗan, musamman irin tsinkakken nan da yake bin tsaga da kansa.

Sauran jikin kuwa ba wani dogon labari. Wuraren da sassa suke haɗuwa kusan duk an ɗora su a kan layukan da jirgin na gaske yake da su, sai ka haɗa ka nemi tabon ka rasa. Bakin shan iska guda biyun nan da suke ba mutane ciwon kai a tsofaffin samfura, nan sun zauna lafiya lau. Gilashin gaba an zubo shi tare da wani yanki na jikin jirgin, saboda haka inda za ka sa gam ya yi nisa da inda ido yake leƙawa, babu fargabar ya yi hazo. Foti kam ɗan mitsitsi na taɓa.

Mazaunin matuƙa shi na fi daɗewa a kai, don mutum biyu ne a ciki, matuƙi a gaba da jami'in rada a baya, kuma murfin gilashin dogo ne fili guda komai a bayyane yake. Maɓallan jikin allunan a tashe suke, ba zane ba ne kawai, to abin da na yi shi ne na shafa toka a ƙasa, na bi kowane ƙaramin allo da baƙi, sannan na ɗauki burushi na dangwali farar toka na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, na riƙa shafawa sama-sama a hankali. Nan take maɓallan suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar an kunna musu fitila. Daga nan sai tsinke, ɗigon ja a nan, ɗigon rawaya a can, ba da yawa ba, don in ka duba hotunan ainihin jirgin yawancin maɓallan toka ne da baƙi, masu cika shi da launuka suna mayar da shi kayan wasan yara ne kawai. Kujerun irin Martin-Baker GRU-7A ne, masu zobba biyu a saman kai da ake ja in za a harba kujerar waje a bar jirgi, rawaya da baƙi. Waɗannan zobban sai ka riƙe numfashi kafin ka ja musu layi.

A nan ne na ɗan yi asarar lokaci da kayan ƙari. Na sayi kujerun rezin, wata irin roba da ake zubawa ta daskare, na wani ƙaramin kamfani daban da aka rubuta a kwalinsu cewa don wannan samfurin aka yi su, gaskiya suna da kyau, bel ɗinsu ya kwanta kamar na gaske, amma da na zo sakawa sun fi gurbin faɗi, sai da na yi ta gurzar gefensu har wasu ƙananan bayanan da na saye su dominsu suka tafi, kuma duk da haka ta baya ta ɗan ɗago sama. Ƙarshe dai na cire su na koma kan na cikin kwali, na yanka bel da siririn salatif na takarda, na yi masa ƙarfen ɗauri da 'yar waya. In kuma za ka zaunar da mutanen biyu da suka zo a ciki ma ba ka buƙatar komai, jikinsu ya rufe wajen. Ra'ayina ke nan a kan duk wani ƙari ga wannan samfurin, ka fara buɗe kwalin ka duba da idonka tukuna kafin ka yi odar komai.

Inda ƙari yake da amfani kuma ba ya cin ko sisi shi ne ƙafafuwan sauka. Jirgin da yake faɗowa kan jirgin ruwa da ƙarfi, ƙugiyarsa ta cafki igiyar ƙarfe ya tsaya cak, dole ƙafarsa ta zama jibgegiya, kuma jikinta cike yake da bututun mai da na birki. Na fere tsohuwar wayar lantarki na zaro siraran jan ƙarfen ciki, na lanƙwasa su da hantsaki ina kallon hoto, na manna da sufa gulu. Guda uku ko huɗu a kowace ƙafa sun isa, ba sai ka kwaikwayi kowane bututu ba. Sai jan layin nan na gefen ƙofofin taya da sojojin ruwan Amurka suke yi don ma'aikata su lura da bakin ƙofa, na gwada da burushi hannuna yana rawa, sai na koma alƙalamin fenti mai siririn baki na bi gefen a kwance, ya fi fita tsaf.

Murfin gilashin yana da siririn layi a tsakiyarsa daga sama, wannan dole ne a duk murfin da aka yi shi da kumburin gefe irin na gaske, daga wajen zubi yake zuwa. Kada ya tsorata kowa. A kankare shi da bakin reza a hankali, a bi da sanfefa daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi da ruwa, gilashin zai yi fari fat har gabanka ya faɗi, amma da ka sa man gogewa ka murza da tsumma mai laushi sai ya dawo garau. Akwai takardar rufe gilashi a cikin kwalin da aka zana layukan a kanta, kai za ka yanka da kanka, don haka a sa sabuwar reza.

Yanzu fenti, wanda shi ne ainihin aikin. Zaɓi uku suka bayar, na rundunar VF-84 Jolly Rogers ta jirgin ruwan Nimitz a 1979, da na rundunar VF-2 Bounty Hunters ta jirgin ruwan Enterprise a 1976, sai na sojojin saman Iran mai launin sahara, don Iran ce kaɗai ƙasar waje da ta sayi Tomcat, guda 79 aka kai mata kafin juyin juya halin 1979. Ni Jolly Rogers na ɗauka, mai baƙar jela da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da rawaya a saman jelar, na san kowa shi yake yi amma ido ba ya gajiya da shi. Launin wancan zamanin toka ce mai haske a sama, lambarta FS 16440 a tsarin launukan gwamnatin Amurka, da fari a ƙasa, kuma duka masu sheƙi ne. Abin da nake so mutane su kula da shi ke nan, don na sha ganin wanda ya yi jirgin 1979 amma ya dagwalgwala shi da faci-faci da dauɗa kamar na shekarun 1990. Waccan dabbare-dabbaren da ake yawan gani a hotuna ta zo ne bayan an koma toka marar sheƙi a shekarun 1980, wadda take shan datti da tabon takalmi, ma'aikata kuma suna bin duk inda gishirin teku ya fara cin ƙarfe suna fesa sabon fenti da bai yi daidai da tsohon ba. Fenti mai sheƙi ba ya riƙe datti haka, balle jirgi mai ado irin wannan da ake ji da shi. Don haka na taƙaita, na zuba tsinkakken fentin mai ruwan toka mai duhu a cikin layuka, ba baƙi ba, baƙi a kan fari yana yin tsawa da yawa, na bari ya sha iska na goge da tsinken auduga mai ɗan danshin tina ina ja daga gaba zuwa baya yadda iska take bi.

Wuri biyu na yarda na sa datti sosai. Na farko gindin fukafukai, inda suke shiga suna fita, a jirgin gaske akwai wani tabo mai lanƙwasa kamar baka da gogayya take bari, baƙi-baƙi da maiƙo. Na sa fiffiken a gurbinsa na maida shi baya, na zana iyakar da fensir a hankali, na zare shi, sannan na ja layuka masu bin wannan lanƙwasar da fentin mai na baje su da busasshen burushi. In ka buɗe fiffiken sai tabon ya bayyana, in ka rufe ya ɓuya. Na biyu ƙarƙashin jirgin ta baya tsakanin injina biyu, inda mai yake tsiyaya.

Farin fenti sai haƙuri, a fesa shi siriri-siriri sau da yawa da bindigar feshi, in ka ce sau ɗaya za ka rufe zai taru ya cike layukan. Sitikun kuma irin na jiƙawa a ruwa ne, suna da jiki ba sa saurin yagewa, ruwa mai ɗumi da maganin laushi suke so, a kan banish mai sheƙi, sai su kwanta su bi layi. Dogon baƙin ɗamarar nan mai 'yan alamun rawaya a gefen jiki a daidaita shi da sauran ruwa a ƙasa kafin a danna. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi kuwa suna da yawan gaske, na makaman ma kaɗai aikin zama ne.

Makaman masu linzami ne, sun haɗa da Phoenix da Sparrow da Sidewinder. Phoenix ɗin AIM-54 shi ne abin da aka gina jirgin da radarsa AWG-9 a kansa, kowane ɗaya nauyinsa wajen kilo 450, jirgin yana iya ɗaukar shida amma ba kasafai ake yi ba saboda nauyin dawowa sauka. Na sa biyu a ƙarƙashin jirgin, Sparrow da Sidewinder a gefe. A kula da zobban jikinsu, rawaya na nufin kan mai fashewa ne, ruwan ƙasa injin roka mai rai, shuɗi kuma na atisaye. Bakin salansar injin TF30 an ba da buɗaɗɗe da rufaffe, kuma hotuna da yawa na F-14A a fake suna nuna ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, haka na yi nawa, wanda bai sani ba sai ya ce kuskure ne.

Abin da babu a wannan kwalin shi ne fiffike mai saukakkun faifan gaba da na baya irin na lokacin tashi, tunda an zaɓi fiffike mai motsi ne, biyun ba sa haɗuwa. Mai son ya nuna jirgin a durƙushe a kan majaujawar da take harba shi daga jirgin ruwa sai ya nemi ɗayan fitowar da suka yi daga baya musamman don haka. Kuma wannan na farkon zamani ne, in jirgin shekarun ƙarshe kake so mai ɗaukar bama-bamai to ka duba kwalin da kyau kafin ka saya, don akwai bambanci a ƙarƙashin hanci da wajen bindiga da eriyoyi. Sabon shiga zai iya gama shi in ya bi takardar umarni lamba bayan lamba bai tsallake ba, sai dai zan so ya fara gwada hannunsa da farin fenti da sitika a kan wani ƙaramin jirgi mai injin ɗaya tukuna.