Kyamarar da farar shadda ke rikitawa

Wata shida ke nan da na sayi wata kyamara ta hannu, irin wadda ba ta da madubi a cikinta, a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, kuma ba ni da ƙorafi a kan kaifin hotonta ko ƙarkon batirinta. Inda muke samun saɓani shi ne awon haske, idan na sakar mata ragama.

Na fara lura da haka a wani ɗaurin aure a Unguwar Sarki. Na ɗauki ango da abokansa sau biyu a jere. Na farko ya fito tas, amma da wani dattijo mai farar babbar riga ya matso gefe, sai fuskoki suka yi duhu, shaddar da ta sha bugu ta koma kamar toka. Ba lalacewa ba ce. Ma'aunin yana karanta hasken da ya dawo daga jikin abu ne, yana kuma ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, wato ruwan toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na haske, saboda haka idan fari ya yi yawa sai ya rage.

Tsarin da ke auna dukan fili, wanda Nikon ke kira Matrix, Canon kuma Evaluative, shi ya fi yawan canza ra'ayi a tawa, domin yana fifita wurin da ta kafa ido, ga shi kuma taron biki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Awon tsakiya, mai fifita tsakiyar hoto, ba shi da wannan wayon, shi ya sa nake iya sanin abin da zai yi. Awon ɗigo kuwa, mai duba ɗan wurin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sai mai natsuwa: hannu ya ɗan goce daga kunci zuwa hula, hoto ya tashi daga aiki.

Yanzu nakan auna a fuska, in danne maɓallin AEL mai kulle awon haske, ko in ƙara mataki ɗaya, wanda ke ninka haske, musamman ranar da hazo ya farar da sama. Ga mai son koyo, ta ci kuɗinta. Wanda ke son ya danna kawai ya wuce, gara ya gwada ta a rana tsaka, gaban mai fararen kaya, kafin ya biya.