Kafin ka miƙa abansi: wa za ka ba gyaran gida a Damagaram, kuma ina ake jin tarihinsa

Tun bayan damunar 2024, wadda har tsohon masallacin Birni ya kwanta a farkon watan Satumba, kusan duk unguwar da ka shiga a garin nan sai ka ga tulin yashi a ƙofar gida, wani na ta da katanga, wani na canza kwano, wani ya rushe ɗakin ƙasa yana son maida shi na bulo. Aiki ya yi yawa ƙwararru sun yi kaɗan, shi ke nan kowa ya zama magini, yaron da jiya yake kwaɓa siminti yau ya sayi cokali da igiya an fara ce masa metir. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, mu ma ta same mu a gidan tsohuwarmu a Garin Malam. Wanmu da ke Agadas ya turo kuɗi, aka ba wani mutum abansin rabin aiki, ya kwance rufin ɗaki biyu ya ce zai je ya kawo kwano, sati uku tsohuwa na kwana gidan maƙwabta, wayarsa a kashe. Sai daga baya muka ji ashe gida biyu ya yi wa haka a wata unguwa kuma maganar har gaban mai unguwa ta je. Har yau abin na ci mini rai, don tambaya ɗaya ta isa ta tsirar da mu kuma babu wanda ya yi ta a cikinmu.

Masu gyaran gida a nan kala uku ne in ka duba. Akwai maginin unguwa wanda ke aiki da hannunsa da yaro ɗaya ko biyu, ka biya shi a rana ko ku yi jinga. Akwai tasharon, shi ba lalle ya taɓa cokali ba, yana karɓar aikin gaba ɗaya ya nemo magini da kafinta da mai waldi da mai wuta ya rarraba musu. Sannan akwai antarfiriz mai ofis da tambari da takardu. Kuɗinsu ba ɗaya ba, wannan kowa ya sani, abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tarihin kowannensu wurin da yake ajiye daban ne, in ka je neman na maginin unguwa a kotu ka ɓata ranarka, in kuma ka tsaya kan maganar baka kawai game da antarfiriz ka bar rabin labari a cikin takarda.

Bari in fara da antarfiriz don nasu ya fi sauƙin bi. Duk kamfanin da ke da rajista yana da lambar RCCM, wato rajistar kasuwanci ta tsarin OHADA (dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka) da ake riƙewa a ofishin girefe, mai ajiye takardun kotu, yana kuma da lambar NIF ta wajen masu lanho, wato haraji. Ka ce ya nuna maka duka biyun, ka duba sunan da ke jiki shi ne sunan mutumin da ke zaune gabanka? Wannan tambayar ba ta wasa ba ce, aron takarda ya zama ruwan dare, mutum ya ɗauko takardun wansa ko na ubangidansa ya karɓi aiki da su, ranar da rigima ta tashi mai takarda ya ce bai san ka ba, wanda ya karɓi kuɗinka kuma ba shi da komai da sunansa. Masu neman kwangilar gwamnati sun saba da wasu takardun ma, shaidar biyan lanho, shaidar biyan kuɗin ma'aikata a CNSS (asusun fansho da inshorar ma'aikata), shaidar cewa kamfani bai karye ba wadda girefe ke bayarwa, da takardar da mai aiki ke sa wa hannu idan an gama aka miƙa masa lafiya. Wanda ke aiki da gaske waɗannan suna cikin jakarsa, ba ya jin haushi don ka tambaya. Ni takardar ƙarshen nan ta fi mini amfani, don tana ɗauke da sunan wurin da aka yi aikin, ka hau kabu-kabu ka je ka ga ginin da idonka. Matsalar antarfiriz tsada, kuma ƙaramin aiki ba ya gabansu, in ka ba su gyaran ɗaki biyu to tabbas wani tasharon za su miƙa wa, ka biya kuɗin kamfani ka samu aikin wanda ba ka bincika ba. Saboda haka ka tambaya tun farko, wa zai tsaya kan shantiye, wato wurin aikin, kullum, sunansa, ka bincike shi shi ma.

Mutane da yawa na cewa a nemi kaziye judisiyer, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum. To ga yadda abin yake. Takardar nan mai ita kaɗai ake ba, ba za ka je ka ce a ba ka ta wani ba, ana ciro ta a kotun yankin da aka haifi mutum, kuma bayan wata uku ta tsufa. Abin da ke cikinta hukuncin laifi ne wanda alƙali ya yanke. Maginin da ya bar gida biyar babu rufi, aka yi ta sulhu ana haƙuri ana cewa a bar wa Allah, kaziyensa fari tas zai fito. Don haka in aikin na miliyoyi ne ka nema ba laifi, wanda ya yi ta kwana-kwana ya ƙi kawowa ma ka samu amsa, amma farar takarda ba ta nufin mutum na da amana.

Tarihin maginin unguwa da na tasharon a bakin mutane yake, kuma akwai bakunan da suka fi wasu. Na farko mai unguwa. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta jama'a, kuma yawancin rigimar gini a can take fara sauka kafin kwamisariya, sau da yawa ma a can take ƙarewa. Ka je da ladabi bayan la'asar, ka gaisa, ka ce ranka ya daɗe ina son in ba wane aiki ne na ce bari in zo in ji ko ka san shi. Ba zai tona asirin mutum a gaban jama'a ba, amma in ya ce “a to, ka dai rubuta komai” ka fahimta, in kuwa ya ce “ɗan gidan wane ne, ubansa ma shi ya gina mana zaure” ka samu abin da kake nema. Kada ka tsaya ga mai unguwarku kaɗai, ka je unguwar da maginin yake kwana da wadda ya yi aikinsa na baya. Tsofaffin magina ma, irin waɗanda suka gaji sana'ar suka san gyaran soro da yaɓen Birni, sun san wa ya koya a hannun wa, wa aka kora daga aiki.

Na biyu, kuma wallahi a ganina ya fi kowa sani, mai kinkayeri, wato mai shagon kayan gini. Shi ke ba su siminti da rodi da ƙusa bashi, littafinsa ya fi na kotu cika. Ka shiga shago biyu uku wajen kasuwar Dole ko inda maginin ya ce yana sayayya, ka yi tambaya guda: in wane ya zo yau za ka ba shi buhu goma ya biya Juma'a? Fuskarsa kaɗai ta isa. Wanda ke da bashin kaya a wuya abansinka zai ɗauka ya toshe tsohon rami, aikinka ya tsaya sai ya samu abansin wani, haka suke juyawa har ranar da igiya ta tsinke a kan wani, mu a kanmu ta tsinke. Bayan mai kinkayeri sai leburori da masu amalanken yashi da ƴan garuwa, tasharon da ke riƙe wa lebura kuɗin yini ba zai ji nauyin riƙe naka ba. Ƴan garuwa kuma akwai abin da suka sani wanda ba kowa ke tunaninsa ba. Garin nan kowa ya san wahalar ruwansa, bulo da dal (rufin kankare) kuwa suna son ban ruwa kwanaki bayan an zuba, to akwai maginin da zai sa kuɗin ruwa a lissafi ya sayi rabi, bulo ya bushe da ƙishi, bana ka ga gini lafiya baɗi kana murza shi da yatsa yana zuba. Mai kawo ruwa ya san shantiyen da aka yi wa ban ruwa da wanda aka yi wa yayyafi.

Sai gidajen da ya yi aiki. Shi zai kai ka inda aka ji daɗinsa, wannan dole ne, kai kuma ka nemi aƙalla ɗaya da ba shi ya nuna maka ba. Kada ka yarda da sabon fenti ko hotunan da ake turowa a WhatsApp, ka nemi aikin da ya ga damuna biyu, ka dubi kusurwar taga ko ta tsage, ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, ka dubi gindin katanga ko ya fara cin gishiri, ka dubi indararo ina yake zubar da ruwa. Kuma a nan mata sun fi mu samun gaskiya. Maigida da safe yake fita, uwargida ce ke wuni da magina, ita ta san ranar da ba su zo ba, ta san buhu nawa ya shigo nawa ya fita da magariba a bayan babur. Ka tura maiɗakinka ko ƙanwarka su gaisa, cikin hira za a faɗa mata abin da kunya ba za ta bari a faɗa maka a ƙofar gida ba. In kai ne ka tambayi maigida, kada ka ce yaya aikinsa, zai ce alhamdu lillahi, ka ce Alhaji in za ka ƙara ɗaki shi za ka kira?

Abu ɗaya da nake so a yi adalci a kansa, ba duk wanda aka taɓa kai ƙara ne macuci ba. Masu gida ma suna da nasu, wani ya canza tsari sau uku ya ƙi ƙara ko dala, wani a gama masa aiki ya riƙe cikon kuɗi wata shida. Maginin da ya shekara ashirin yana aiki ba a taɓa jin kansa da kowa ba da wuya ka same shi. Abin dubawa ƙarar iri ɗaya ce ke maimaituwa, kuma yaya ta ƙare, ya dawo ya gyara ko guduwa ya yi. Ka tambaye shi da kansa ma, Malam na ji kun taɓa samun saɓani da wane, me ya faru? Wanda ya zauna ya ba ka labari har ya ce nan kam laifina ne na fi natsuwa da shi a kan wanda ya hau rantse-rantse.

In ka haɗa duka, ga yadda ni nake zaɓa yanzu. Yaɓe, daɓe, canjin kwano, ta da katanga, maginin unguwa wanda gidansu ke nan iyalinsa ke nan, ka sayi kayanka da kanka ka biya shi kuɗin hannu, ya fi araha kuma ka san ƙofar da za ka buga. Aikin da ya haɗa gini da wuta da famfo da karo, kai kuma ba ka da lokacin bin mutum biyar, tasharon, amma shi ne ya fi kowa buƙatar bincike don kuɗi masu yawa ke bi ta hannunsa kuma yawancinsu babu rajista. Dal kuwa ko hawa sama, ko tonon shadda da fondasiyo a unguwannin da dutse ke kusa da ƙasa, nan ban yarda a yi arahar banza ba, ka nemi antarfiriz ko aƙalla tekinisiyen da zai lissafa rodi ya zo ya duba kafin a zuba kankare, don rai ne zai kwana a ƙarƙashi. Ƴan uwanmu da ke Libiya da Aljeriya da Kano masu turo kuɗi, don Allah kada kuɗin ya tafi kai tsaye wayar magini, ya bi ta hannun wanda zai je ya ga aikin kafin ya saki.

Ko wa ka zaɓa a rubuta. Dabi, wato takardar lissafin aiki, mai nuna buhu nawa, rodi lamba nawa, kwano wane iri, ranar farawa da ranar gamawa, hoton katin shaidarsa a haɗe, shaidu biyu, in kuɗin da yawa a je meri ko kwamisariya a buga tambarin tabbatar da sa hannu. Biya mataki-mataki, kowane biya da rasi, in ta Nita ko Amana aka tura a adana takardar. Dalilin wannan, in ta ɓaci ƴan sanda na iya kama wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace da sunan cin amana ko damfara, amma wanda ya yi aikin ya yi shi da muni maganar kotun farar hula ce, can kuma hujja ake tambaya, sai ka kira wisiye, jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani kafin ka sa wani ya taɓa ginin. Dokar farar hula da muka gada ta ɗora wa ɗan kwangila alhakin shekara 10 idan ginin da ya yi a kan jinga ya rushe saboda aibin aikinsa, amma ta yaya za ka nuna shi ya gina in ko layi ɗaya ba a rubuta ba?

Mu dai karo na biyu kwana huɗu muka yi muna yawon tambaya kafin mu yi magana da kowa kan kuɗi. Mutum uku aka ba mu, ɗaya mai kinkayeri ya kawar da kai da muka ambaci sunansa, ɗaya ya ƙi yarda a rubuta wai ai mu duka musulmi ne, na ukun dattijo ne ɗan Birni, kuɗinsa ya ɗara na sauran, ya ce mu sayo kwanonmu da katakonmu da kanmu shi hannunsa kawai zai sayar mana. Muka roƙe shi a bar wani ɓangare na kuɗin sai ruwan farko ya sauka, ya yarda aka rubuta gaban mai unguwa. Da aka yi ruwan, washegari da sassafe sai ga shi da tsaninsa, ya hau ya duba, ya sami ƙusa biyu da ke ɗiga ta wajen ɗakin tsohuwa ya toshe, sannan ya sauko muka ƙirga masa cikonsa.