Kodon Mai Sauri da Kodon Mai Jinkiri: Wanne Ya Fi?

Kodon jerin haruffa uku ne a saƙon gado da ke wakiltar amino asid, wato tubalin gina furotin. Kodon 61 ne ke wakiltar amino asid 20, don haka amino asid guda kan samu kodon ɗaya zuwa shida. Amino asid ɗin lusin na da shida. Ma'anarsu ɗaya, amma saurin karanta su ya sha bamban.

A ƙwayar bakteriyar E. coli, CUG ne ɗan gata a cikin kodon lusin. tRNA ɗinsa, wato mai ɗauko amino asid, na da yawa, ribosom mai haɗa furotin ba ya tsayawa jira, kuma kuskure kan ragu. Tun 1981 Toshimichi Ikemura ya nuna cewa kodon da aka fi amfani da su sun dace da tRNA mafi yawa. Shi ya sa ƙwayoyin gado da ake buƙatar furotin ɗinsu birjik, kamar na ribosom kansa, suka cika da irin wannan kodon. Bakteriyar da ta rage ɓata lokaci ta fi 'yar'uwarta saurin ninkuwa, zaɓin yanayi kuma sai ya fifita ta.

CUA na lusin kuwa, ko AGA na amino asid ɗin arjinin, jan ƙafa suke sa ribosom. Da ganinsu sai ka ce aibu ne. Ba kullum ba. Furotin yana naɗewa ne tun yana fitowa daga ribosom, kuma ɗan tsaikon nan kan ba wani sashe damar naɗewa daidai kafin na gaba ya iso. A 2013, masu bincike sun sauya kodon masu jinkiri na ƙwayar gadon frq mai daidaita agogon jiki a naman gwarin Neurospora da masu sauri: furotin ya ƙaru, amma siffarsa ta canza, agogon jikin ya rikice.