Ice Beam ko Blizzard, wanne zan koya wa Blastoise ɗina?

Ɗan uwanmu na wajen Ringim ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce gem ɗin Pokémon FireRed yake bugawa a waya, ya kusa shiga Elite Four, wato manyan masu horarwa huɗu na ƙarshen gem ɗin, gurbin hari ɗaya ya rage masa a jikin dodonsa na ruwa Blastoise, shin Ice Beam zai sa ko Blizzard tunda duk na ƙanƙara ne kuma ya ga lambar Blizzard ta fi girma. To ɗan uwa ni dai Ice Beam zan ce maka, amma bari in jera maka su ka gani da idonka.

A FireRed ɗin da kake bugawa, wanda ya fito 2004, ƙarfin Ice Beam 95 ne, saitinsa 100, ana iya harba shi sau 10 kafin PP, wato adadin harbinsa, ya ƙare. Blizzard ƙarfinsa 120, saiti 70, PP 5 kacal. Wajen daskarar da abokin faɗa kuwa kunnen doki suke, kowanne kashi 10 cikin 100. Kenan abin da Blizzard ya fi shi da shi 25 ɗin nan ne na ƙarfi, shi kenan.

Yanzu yi lissafi da kanka. In ka harba Blizzard sau 10, a matsakaici 7 ne za su samu, 7 sau 120 ya ba ka 840. Ice Beam sau 10 duka suna shiga, 950. Ka ga wanda ake ganin shi ne ƙarami ma shi ya fi yin ɓarna in faɗa ya yi tsawo. Kuma lissafin ma bai nuna ainihin ciwon ba, don ranar da ya kuskure ba ɓarnar kaɗai ka rasa ba, ka ba wa abokin faɗa bugu ɗaya kyauta, wani lokacin bugun nan shi ne zai kwantar maka da dodon da ka sha wahalar raino. Blizzard kamar hadarin farkon damina yake, in ya zubo ka ji daɗi, amma yana iya haɗuwa baƙi ƙirin ka gama sa rai iska ta watsa shi.

Inda na fi so ka kula shi ne PP, saboda Elite Four mutum huɗu ne ga zakara na biyar, a jere, ba fita zuwa Pokémon Center, asibitin dodanni, a tsakani, kuma Ether mai cika PP ba a sayar da shi a kanti sai dai wanda ka tsinta a hanya. Lance, ɗaya daga cikin huɗun, shi kaɗai yana da Dragonair biyu da Aerodactyl da Dragonite, duk huɗun ƙanƙara na cin su, ka ce da harsashi 5 za ka shiga wanda ɗaya ko biyu za su tafi a iska? Shi Dragonite ɗin ma da kowa ke tsoro, Dragon ne kuma mai tashi, ƙanƙara ninki huɗu take yi masa, in lebul ɗinka bai yi ƙasa sosai ba Ice Beam ya ishe shi, ƙarin 25 ɗin nan ba ka buƙatarsa, abin da kake buƙata kar ka kuskure. Gyarados ɗinsa dai kar ka ɓata ƙanƙara a kansa, nemi mai lantarki. Lorelei, ita ma cikin huɗun take, yawancin nata na ruwa ne da ƙanƙara, ba abin kirkin da harin ƙanƙara zai yi musu.

Amma fa kar in zalunci Blizzard, yana da inda yake sarki. Daga gem ɗin Pokémon Diamond da Pearl zuwa gaba, in ƙanƙara na sauka a filin faɗa ba ya kuskure ko kaɗan, shi ya sa ake haɗa shi da Abomasnow ko Ninetales na Alola masu jawo yanayin da zarar sun fito, kuma a faɗan biyu-biyu yana dukan abokan faɗa duka biyun lokaci guda. Can wallahi abin tsoro ne. Sai dai wannan dokar ta rashin kuskure babu ita a FireRed da Emerald, ko ka saukar da ƙanƙarar 70 ɗinsa na nan, to kar wani bidiyo na sabbin gem ya ruɗe ka. Daga X da Y na 2013 an rage su duka, Ice Beam ya koma 90, Blizzard 110, hukuncin dai bai canza ba.

Saura wajen samu, nan ne Blizzard ya fi sauƙi. TM14 ne (TM shi ne abin da ake koya wa dodo hari da shi), kyauta kake tsintarsa a cikin Pokémon Mansion a tsibirin Cinnabar. Ice Beam kuwa TM13 ne, a Game Corner, gidan caca na garin Celadon, a kan koyin (coins) 4,000. Na san da yawanmu ba ma son taɓa injin cacar nan ko da a gem ne, kuma ba dole ba ne, karɓi Coin Case a gidan abincin garin ka je kantar Game Corner ka sayi koyin kai tsaye, 50 a kan kuɗin gem 1,000, gaba ɗaya 80,000 kenan. Da tsada, amma da na'urar VS Seeker kana maimaita faɗa da masu horarwa kuɗin zai taru kafin cajinka ya ƙare a nemi shagon mai sola.

In kuɗin ya gagara akwai wata hanya, Lapras ɗin da ake ba ka kyauta a Silph Co. a Saffron da kansa yake koyon Ice Beam in ka ɗaga lebul ɗinsa, ba sai da TM ba. TM a FireRed sau ɗaya ake amfani da shi ya ƙare, don haka duba da kyau wa za ka koya wa kafin ka danna. In Lapras na cikin tawagarka bar masa aikin ƙanƙara, in kuma Blastoise ne kaɗai na ruwanka, tara 80,000 ɗin ka saya masa Ice Beam kafin ka hau Victory Road.